Haɗa ƙasar noma daga sharar masana'antu da kashin dabbobi: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin manoma, masu lambu, masu rainon itatuwa da ɗaliban aikin gona, musamman waɗanda aka yi wa tayin toka ko laka daga wata masana'anta aka ce musu "kyauta ce, ku kwasa". An faro daga masu sauƙi, masu zurfin suna gaba.

1. Mece ce ƙasar haɗi, kuma da me ta bambanta da taki?

Taki ana zuba shi ne a kan ƙasar da take nan don ya ƙara mata ƙarfi. Ƙasar haɗi kuwa ita ce ke zama ƙasar kanta, a wurin da babu ta, ko wurin da wadda ke akwai ta mutu. Ƙasar noma mai kyau kusan kashi 45 cikin 100 nata yashi ne da laka da yumɓu, kusan kashi 5 ruɓaɓɓen ganye ne da kashi da saiwoyi, sauran rabin kuma 'yan ramuka ne da ruwa da iska ke zama a ciki. Mai haɗa ƙasa wannan tsari yake kwaikwaya: sharar masana'anta ta ba da jiki, kashin dabbobi ya ba da abinci da ƙananan halittun da ido ba ya gani.

Masana ƙasa sun amince da ita a matsayin rukuni mai zaman kansa. A 2006 aka shigar da ita cikin kundin rarraba nau'o'in ƙasar noma na duniya da sunan Teknosol, wato ƙasar da aikin ɗan Adam ya samar ko ya mamaye.

2. Ƙasa ta ƙare ne da za a koma haɗa ta?

Ba ta ƙare ba, amma mai kyau tana raguwa. Rahoton da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2015 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙasar duniya ya lalace, ko dai saboda zaizaya, ko gishiri, ko tsami, ko gurɓata. Santimita ɗaya na ƙasar sama kan ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin ya samu. Wanda ya gaji ramin haƙar ma'adinai ko filin da aka kwashe samansa aka yi gini ba zai iya jiran wannan ba.

Akwai dalili na biyu, kuma gara a faɗe shi a fili: masana'antu na neman inda za su kai shararsu. Kowane tan na garin alminiyam da aka tace yana barin sama da tan ɗaya na jar laka. Kowane tan na asid ɗin da ake yin takin fosfaras da shi yana barin tan 4 zuwa 5 na jifsam, wani gari mai kalsiyam. Tara su ma haɗari ne. A watan Oktoban 2010 bangon tafkin jar laka ya fashe kusa da garin Ajka a ƙasar Hungary, mutum 10 suka mutu. Don haka idan masana'anta ta matsa maka ka kwasa, ka san cewa buƙatarta ce ta kawo ta. Wannan ba laifi ba ne, sai dai shi ne dalilin da ya sa tambayoyi na 5 da na 11 suka fi sauran nauyi.

3. An taɓa yin wannan ya yi nasara, ko har yanzu gwaji ne?

An yi. Misalin da aka fi ambata shi ne lambun Eden a yankin Cornwall na Ingila, wanda aka buɗe a 2001 a cikin tsohon ramin haƙar farin yumɓu da babu ƙasar noma ko kaɗan. An haɗa fiye da tan dubu 80 na ƙasa daga yashin da haƙar ta bari da ruɓaɓɓen ɓawon itace da sharar lambu, yau kuma manyan itatuwa ne tsaye a kanta.

Amfani da sharar masana'anta a gona ma ya girmi wannan nesa ba kusa ba. Tun shekarun 1880 manoman Turai ke niƙa kashin maƙera da ke fitowa daga tukunyar narkar da ƙarfe irin ta Thomas suna zubawa don fosfaras ɗinsa. Japan ta amince da kashin maƙera mai silika a matsayin takin shinkafa tun 1955. A Brazil ana zuba jifsam ɗin masana'antar taki a gonakin yankin Cerrado don saiwa ta iya nutsawa cikin ƙasa mai tsami. A 2014 kuma hukumar kare muhalli ta Amurka ta kammala nazarin da ya nuna yashin silika da aka gama zubin ƙarfe da alminiyam a cikinsa ba shi da haɗari a ƙasar haɗi. Ka lura da abu guda: a duk waɗannan an san ainihin sharar, an auna ta, an san daga ina ta fito.

4. Wace irin shara ce ta dace?

Mafi sauƙin sha'ani ita ce wadda ta fito daga tsiro ko daga dutse ba tare da an zuba mata sinadari ba: lakar da ake tacewa daga ruwan rake a masana'antar sukari, tokar ɓawon rake, ɓuntun shinkafa da tokarsa, garin katakon da ba a shafa wa magani ko fenti ba, garin dutse daga wurin fasa duwatsu, da niƙaƙƙen jan bulo. Lakar sukari tana da fosfaras da kalsiyam, kuma tana ruɓewa tare da kashi ba gardama. Garin dutse ba ya ba da abinci da wuri, amma yana ba ƙasa nauyi da jiki.

Sai rukuni na biyu, masu amfani amma da sharaɗi: tokar kwal ta tashar lantarki, kashin maƙera, jifsam, yashin zubi, da lakar masana'antar takarda. Tokar kwal tana da laushi, tana taimaka wa ƙasa mai yashi ta riƙe ruwa, amma takan zo da boron da asenik da seleniyam, kuma toka daga tashoshi biyu ba ta zama iri ɗaya, domin kwal ɗin da suka ƙona ba ɗaya ba ne. Jifsam ɗin takin fosfaras yana ɗauke da ɗan radiyam, shi ya sa Amurka ba ta yarda a kai shi gona ba sai wanda radiyam ɗinsa bai wuce iyakar da ta gindaya ba. Jar lakar alminiyam tana can ƙarshen wannan rukuni. Kanwarta ta yi yawa ƙwarai, ana gyara ta da jifsam da yashi da taki don ciyawa ta rufe ta, amma wannan aikin ƙwararru ne, ba na mai lambu ba.

5. Wace ce ba a taɓawa ko da kyauta ce?

Lakar majemar fata ta zamani, saboda kuromiyam. Duk abin da ya fito daga wurin fasa batir ko narkar da dalma. Lakar wurin shafa wa ƙarfe ruwan tutiya ko ruwan azurfa. Tarkacen wurin wanke zinariya da sauran ma'adinai. Tokar ƙona sharar asibiti ko bolar gari, tokar taya, da garin katakon da aka jiƙa da maganin gara. Yashin zubin tagulla ma yana ciki, ko da yake ɗan'uwansa na ƙarfe ya halatta. Haka duk sharar da mai ita ya kasa gaya maka abin da aka sarrafa har ta fito. Idan amsarsa ita ce "ai duk toka ce", to ka bar masa kayansa.

6. Idan kashin dabbobi yana da kyau haka, me zai hana a shuka a cikinsa shi kaɗai?

Ba ya tsayawa. Yana ruɓewa ya zama iska da ruwa, tulin da ya cika kwari bana ya zama rabi baɗi, saiwa ta rasa abin kamawa. Ga gishiri, ga abincin da ya wuce kima: ganye ya yi duhu ya yi laushi, 'ya'ya su ƙi zuwa, ragowar naitirojin kuma ruwa ya wanke shi zuwa rijiyoyi. Saboda wannan wankewa ne Tarayyar Turai ta kafa doka a 1991 da ta taƙaita naitirojin daga kashin dabbobi zuwa kilo 170 a hekta a shekara a yankunan da ruwansu ke cikin haɗari.

Kashin ma iri-iri ne. Na kaji ya fi zafi, ya fi naitirojin da fosfaras da gishiri. Na shanu ya fi sanyi, ya fi gina jikin ƙasa. Na tumaki da awaki yana tsakani, kuma bushewarsa na sa ya yi sauƙin ɗauka. Na doki yakan zo da irin ciyawa da yawa. A manyan gonakin kiwo ana ƙara jan ƙarfe da tutiya cikin abincin kaji da aladu, yawancinsu kuma ta kashi suke fita. Wato shi ma kashin ba a ɗaukarsa a matsayin mai tsarki ba bincike.

7. Ɗanye zan haɗa ko sai ya ruɓe?

Sai ya ruɓe, kuma ya nuna sosai. Ɗanyen kashi yana ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su Salmonella da E. coli, da ƙwan tsutsar ciki, da irin ciyawa. Zafin tuli ne ke kashe su. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce cikin tulin ya kai digiri 55 a ma'aunin Salshiyas, ya zauna a nan kwana 3 idan a rufe yake ana hura masa iska, ko kwana 15 tare da juyi 5 idan dogon tuli ne a fili. Juyin shi ne ke kai na gefe tsakiya. Laimar da ake so ita ce ka damƙi taki a hannu ya dunƙule, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito, ba ya zuba ba.

A nan ne sharar da ta fito daga tsiro ke da rana. Ƙananan halittun da ke ruɓar da tuli sun fi son kabon kashi 25 zuwa 30 a kan kowane kashi ɗaya na naitirojin. Kashin kaji yana wajen 10, garin katako yana ɗaruruwa. Kowanne shi kaɗai matsala ne, na farko ya yi wari ya zubar da naitirojin, na biyu ya shekara bai motsa ba. A haɗa su sai su gyara juna. Bayan zafi ya sauka a bar tulin ya huta makonni. Takin da ya nuna baƙi-baƙi ne, ƙamshin ƙasa yake yi, ba ka gane abin da aka zuba.

Idan dole ta sa a zuba ɗanye, ƙa'idar noman da ba sinadari ta Amurka ta ce a bar kwana 120 kafin girbin abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa.

8. Nawa-nawa ake haɗawa?

Babu awo ɗaya da ya dace da kowa, kuma duk wanda ya ba ka lissafi bai ga shararka ba, cinta ya yi. Wurin farawa dai shi ne mudu uku na abin da ke ba da jiki, mudu ɗaya na takin da ya nuna. A cikin ukun nan yashi ko garin dutse ko ƙasar ƙarƙashi su fi yawa, a samu ɗan yumɓu don riƙe ruwa, toka da kashin maƙera kuma su zama 'yan kaɗan. Idan akwai ƙasar gona mai rai a kusa, a watsa ɗan abu daga cikinta don ta kawo halittunta. A yi haɗi uku ko huɗu mabambanta a bokitai, a gwada kamar yadda tambaya ta 11 ta bayyana, sannan a zaɓa.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne zuba toka ko farar ƙasa a kan ɗanyen kashi. Kanwar da ke cikinsu tana mai da naitirojin iskar amoniya, warin nan mai yaji da ke sa hawaye, sai amfanin kashin ya tashi sama. A bari taki ya nuna tukuna. Bayan an haɗa a jiƙa, a bar shi makonni kafin shuka. Kuma a rufe hanci da baki lokacin aiki, domin ƙurar tokar kwal da ta ɓuntun shinkafa suna da silika mai cutar da huhu.

Kafin ka yi mafarkin gona guda, yi wannan lissafi: hekta ɗaya mai zurfin santimita 20 kubik mita 2,000 ne, wato wajen tan 2,600 na ƙasa. Jigila ce ke kashe yawancin irin waɗannan shirye-shirye. Shi ya sa ƙasar haɗi ta fi dacewa da kwamin lambu, buhunan shuka, wurin rainon itatuwa, da filayen da ke maƙwabtaka da inda sharar take.

9. Me ake nufi da tsami da kanwa da gishiri a nan?

Ma'aunin pH yana tafiya daga 0 zuwa 14. Ƙasa da 7 tsami ne, sama da 7 kanwa ce. Yawancin amfanin gona ya fi son 6 zuwa 7. Tokar kwal na iya kaiwa 12, jar laka har 13, kashin maƙera ma yana sama. Idan kanwa ta yi yawa, baƙin ƙarfe da tutiya da fosfaras suna nan a cikin ƙasa amma saiwa ba ta iya ɗaukarsu. Idan tsami ya yi yawa, alminiyam na ƙona saiwa, ƙarafa masu guba kuma su saki jiki su shiga shuka.

Gishiri daban ne, kuma shi ne ya fi saurin kashe tsiro, domin toka da kashin kaji duka suna kawo shi. Ana auna shi da yadda ruwan ƙasar ke ɗaukar lantarki. Daga 4 a ma'aunin dS/m ake ce wa ƙasa mai gishiri, amma wake da albasa da karas tun wajen 1 suke fara jin jiki, alhali auduga da sha'ir suna jure har kusan 8. Maganinsa ruwa mai yawa da magudana mai kyau. A kula dai inda ruwan wankin ke zuwa.

10. Na ji an ce taki yana kashe gubar da ke cikin shara. Gaskiya ne?

A'a, kuma wannan ce fahimtar da ta fi kowace haɗari. Taki yana riƙe wasu ƙarafa, kanwa ma tana riƙe su, shi ya sa gwajin shekarar farko kan nuna shuka ba ta ɗauki komai ba. Amma riƙewa ba kashewa ba ce. Dalma da kadmiyam da asenik ba sa ruɓewa. Takin shi ne ke ruɓewa, kanwar kuma ruwan sama da takin zamani suna cinye ta a hankali, ranar da ƙasar ta yi tsami abin da aka ɗaure ya kwance. Asenik da seleniyam da molibdinam ma ba sa jiran tsami, a cikin kanwar suka fi motsi.

Kadmiyam ya fi ban tsoro domin shuka na iya tara shi tana kore shar. A kwarin kogin Jinzu a lardin Toyama na Japan, kadmiyam daga wurin haƙar ma'adinai ya shiga gonakin shinkafa, mutane suka yi shekaru suna ci, ƙoda da ƙasusuwansu suka lalace. Cutar ce ake kira itai-itai, gwamnati ta amince da musabbabinta a 1968. Misali mafi kusa da batunmu yana yankin Rastatt na Jamus, inda aka gauraya lakar masana'antar takarda da taki aka baza a gonaki. Sai a 2013 aka gano sinadaran PFAS, wato wasu sinadaran masana'antu da ba sa ruɓewa, a ruwan sha, bayan sun gurɓata ɗaruruwan hektoci. Takin ya ruɓe yadda ake so, yabanya ta yi kyau, sinadaran kuwa ko gezau. Irin wannan matsala ce ta sa jihar Maine ta Amurka ta hana baza lakar masai a gonaki a 2022.

11. To yaya zan gwada?

Gwaji biyu ne, ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya. Na gida: cika tukwane da haɗinka, wasu kuma da ƙasar da ka amince da ita, shuka wake da wani ganye mai saurin tsiro, ƙirga nawa suka fito, bayan makonni uku tuge ka dubi saiwa. Gajeriyar saiwa mai launin ƙasa-ƙasa alamar gishiri ce ko takin da bai nuna ba. Wake yana da wata fa'ida: idan sabon ganyensa ya murɗe ya naɗe, akwai maganin ciyawa a cikin kashin. Irin su aminopyralid suna ratsa cikin dabba su fito da ƙarfinsu, kuma ruɓewa ba ta gama da su da wuri. Masu lambu a Birtaniya sun sha wannan a 2008.

Amma tukunya ba ta nuna dalma. Wannan sai ɗakin gwaje-gwaje. A ɗebi samfuri daga wurare da dama na tulin, sama da tsakiya da ƙasa, a gauraya. A nemi pH, gishiri, boron, dalma, kadmiyam, asenik, kuromiyam, nikel, jan ƙarfe, tutiya da makuri, idan lakar takarda ce a ƙara PFAS. Don kwatance, dokar Turai ta 1986 kan baza laka a gona ta sa iyakar kadmiyam a ƙasa tsakanin miligiram 1 zuwa 3 a kilo, dalma kuma 50 zuwa 300. A gwada sharar ita kaɗai, a gwada haɗin, a sake gwadawa duk lokacin da masana'anta ta canza kayan aikinta. Takardar gwajin da mai shara ya kawo tana da amfani, amma ba ta kai wadda ka biya da kanka ba.

12. Me ya kamata a fara shukawa?

Abin da ba a ci: ciyawar rufe ƙasa, itatuwan katako, furanni, auduga. Dangin wake da ake nomewa a binne su suna da kyau a shekarar farko, suna ƙara naitirojin, saiwarsu na buɗe hanya. Idan gwaji ya fito lafiya aka zo kan abinci, masu 'ya'ya da masu ƙwaya irin su tumatir da masara sun fi aminci. Ganyaye irin su latas da alayyafo sun fi tara kadmiyam, masu saiwa kuma ƙasar na manne musu, don haka su ne na ƙarshe. Ciyawar kiwo ma a yi hattara da ita a kan haɗi mai toka, domin molibdinam mai yawa yana hana shanu da tumaki amfana da jan ƙarfe a jikinsu.

13. Shukata ta fito amma ta yi rawaya. Me ya faru?

Dubi wane ganye ne. Idan tsofaffin ganyen ƙasa ne suka yi rawaya gaba ɗaya, naitirojin ne ya yi ƙaranci, galibi saboda garin katako ko lakar takarda da ba su gama ruɓewa ba suna ƙwace shi, koma tambaya ta 7. Idan sababbin ganyen sama ne, jijiyoyinsu kore tsakaninsu rawaya, kanwa ce ta yi yawa, duba ta 9. Idan bakin ganye ne ya ƙone ya bushe, gishiri ne ko boron. Idan kuma ruwa na kwanciya a sama ƙasar ta yi ɓawo, abu mai laushi ya yi yawa a haɗin, ana buƙatar yashi mai kaushi ko ɓuntu.

14. Akwai doka a kai?

A ƙasashe da yawa shara tana nan a matsayin shara a idon doka har sai hukumar muhalli ta ba da izinin amfani da ita, kuma ɗaukarta ko baza ta ba izini laifi ne ko da ba ta da guba. A tambayi hukumar muhalli da ta aikin gona kafin mota ta farko ta sauke. A kuma rubuta yarjejeniya da masana'antar: me ke cikin sharar, wa zai biya gwaji, wa zai kwashe idan ta fito da matsala.

15. Idan an haɗa sau ɗaya, shi ke nan?

A'a. A shekaru biyun farko ƙasar za ta zauna, tsayinta ya ragu, domin takin na ci gaba da ruɓewa, kuma a wuri mai zafi abin ya fi sauri. Ana ƙara takin da ya nuna a sama kowace shekara, a rufe da ciyawa ko karan girbi, a rage haƙa da taka ta da manyan injuna, domin sabuwar ƙasa ba ta da dunƙulen da ke hana ta dannewa. Toka da kashin maƙera kuwa ba a sake ƙara su sai gwaji ya nuna buƙata, tunda abin da suka kawo taruwa yake yi. A auna pH kowace shekara, ƙarafa kuma duk bayan 'yan shekaru, a ajiye takardun wuri ɗaya tare da bayanin inda kowace shara ta fito da ranar da aka zuba ta, saboda wanda zai noma filin bayanka.